Tarihin Dakta Mamman Shata: Baiwar da ta fi ƙarfin ma'aunin basira

A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta bai wa Alhaji Mamman Shata Katsina digirin girmamawa na dakta. Mutumin da shaihunan malamai suka karrama a wannan rana bai taɓa zama a ajin makarantar boko ba, bai kuma taɓa rubuta wata jarrabawa da ake bayar da takardar shaida a kanta ba.

Duk da haka, shekaru 13 kafin wannan karramawa, waƙoƙinsa sun riga sun isa a yi digirin dakta na gaske a kansu. A shekarar 1975 ne Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga bisani ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala kundinsa a Jami'ar Indiyana ta Amurka, inda ya yi nazarin matsayin mawaƙin baka a tsakanin Hausawa da Fulani, ya kuma ɗauki Shata a matsayin misali.

Rayuwar wannan mawaƙi dai tana tayar da tambayar da masana halayyar ɗan Adam suka shafe fiye da shekaru 100 suna muhawara a kanta: shin mece ce hazaƙa, kuma za a iya auna ta da tambayoyin da aka rubuta a takarda?

Haihuwa da tasowarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa da ke cikin jihar Katsina ta yanzu. Kamar sauran 'ya'yan Musulmi na wancan zamani, an sa shi a makarantar allo, kuma iyakar karatun da ya yi a gaban malami ke nan.

Shata bai gaji waƙa ba. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya tashi a bakin zuga-zugi, ɗan makaɗi ya tashi da ganga a rataye. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin yana ɗaukar ta a matsayin roƙo, abin da yake ganin bai dace da gidansu ba.

Da ya tasa ya taɓa tallar goro, ya kuma sayar da alewa, amma ciniki bai karɓe shi ba. An san shi tun a lokacin da sakin hannu, ta yadda riba ba ta kwana a aljihunsa. Inda ya yi fice shi ne dandali, wurin da samari da 'yanmata ke taruwa da dare ana kiɗa ana wasa. A can ne ya fara jefa baituka don nishaɗi, ba don a ba shi ko anini ba, har ya zamana babu wani saurayi a Musawa da ke iya karawa da shi.

Da a ce an tambayi manyan garin a wancan lokaci, da wuya su lissafa shi cikin yaran da za su zama wani abu. Bai riƙe kasuwanci ba, bai yi zurfi a karatu ba, ya kuma kama hanyar da mahaifinsa ya ƙi.

Daga Bakori zuwa Kano da Funtuwa

Daga Musawa, Shata ya koma Bakori, a ƙarƙashin inuwar ubangidansa Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can. A Bakori ne waƙa ta zama sana'arsa sosai, ya tara makaɗan kalangu da 'yan amshi, ya shiga zagaya garuruwa da kasuwanni.

Tauraronsa ya haska a birnin Kano a shekarar 1952, lokacin da ya yi wasa a shagalin da aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki. Daga nan sunansa ya shiga fadoji da gidajen attajirai. A wajejen 1960 ya koma Funtuwa, garin da ya zama mazauninsa har kusan shekaru 40, ko da yake rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta.

Abin da ya bambanta shi da manyan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa shi ne bai ɗaure kansa ga sarki guda ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar wanda ya zama babban ubangidansa, amma kuma ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da sojoji da mata da manoma. Ya yi wa Sarkin Bori Sule waƙa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya fassara wa mutanen karkara abin da ya faru cikin harshen da suke ganewa.

Rediyo ya kai shi ko'ina

Shata ya zo ne daidai lokacin da rediyo ke shiga gidajen talakawa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna, wanda ake kamawa har a Nijar da Kamaru da Ghana, kuma waƙoƙin Shata suka zama daga cikin abubuwan da aka fi saurara a tashar.

A daidai wannan zamani ne kuma kudancin kogin Kaduna ke cika da masana'antu. Masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya a shekarun 1960, dubban matasa suka baro ƙauyukansu suka tare a Kakuri da Makera da Nasarawa don neman aiki. Irin waɗannan sababbin 'yan birni, leburori da masaƙa da ma'aikatan jirgin ƙasa da direbobi, ba su da fadar da za su je su ji kiɗan taushi ko na kotso. Suna da akwatin rediyo, daga baya kuma kaset, kuma a cikinsu suka sami mawaƙin da ke magana a kan duniyarsu.

Har zuwa 1987, lokacin da aka ƙirƙiro jihar Katsina, Musawa da Bakori da Funtuwa duk suna ƙarƙashin gwamnatin da ke da hedikwata a Kaduna. Hukumomi sun sha neman Shata idan suna son isar da saƙo kan noma ko kiwon lafiya ko haɗin kan ƙasa, kuma a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji. Jami'an da suka yi karatu a Ingila sun san cewa baiti guda daga bakinsa ya fi takardar sanarwa dubu isa ga jama'a.

Yadda yake ƙera waƙa

Makaɗan fada kan zauna da yaransu a gida su tsara waƙa, su maimaita ta har ta zauna, kafin a kai ta gaban sarki. Shata ya yi suna da akasin haka. Yakan tsaya a tsakiyar fili, ya bayar da gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya ɗauka, sa'an nan ya shiga jero ɗiyan waƙa nan take.

Aikin da ƙwaƙwalwa ke yi a wannan 'yar daƙiƙa ba ƙarami ba ne. Dole baitin ya hau kan kiɗa ba tare da ya yi tsawo ko ya gaza ba. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, don haka kalmar da aka lanƙwasa ba daidai ba tana iya sauya ma'ana. Dole mawaƙin ya tuna sunan wanda yake wasawa, da na iyayensa da garinsu da abokan arzikinsa. Yana kuma lura da fili: wa ya shigo, wa ya yi kyauta, wa ya cancanci habaici. Duk wannan yana gudana ne a cikin ɗan lokacin da 'yan amshi ke maimaita layinsu.

Wannan ne ya sa waƙarsa guda ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa, tana da zubi daban-daban gwargwadon wuri da lokacin da aka ɗauke ta.

Masana adabin baka sun ga irin wannan a wasu ƙasashe. A shekarun 1930 Milman Parry da ɗalibinsa Albert Lord na Jami'ar Harvard sun ɗauki muryoyin mawaƙan baka a tsohuwar Yugoslabiya, waɗanda da yawansu ba su iya karatu ba, suka gano cewa ba haddace waƙa suke yi ba. Kowannensu yana da rumbun jimloli da salailai da ya tara cikin shekaru, yana ɗebo su yana sabon gini a duk lokacin da ya buɗe baki. Sun yi amfani da wannan wajen bayyana yadda aka samar da waƙoƙin Homer na tsohuwar Girka, waɗanda Turawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar adabinsu.

Asalin ma'aunin basira

Gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, wanda Turawa ke taƙaitawa da haruffan IQ, ya girmi Shata da shekaru 18 kacal. A 1905 ne Alfred Binet da Theodore Simon suka fitar da shi a Faransa, kuma manufarsu ita ce gano yaran da karatu ke yi wa wuya a makarantun gwamnati domin a ba su taimako na musamman. Binet, wanda ya mutu a 1911, ya yi gargaɗin kada a ɗauki sakamakon a matsayin wani abu da aka haifi yaro da shi wanda ba ya sauyawa.

Ba a bi gargaɗin nasa ba. A 1912 wani Bajamushe, William Stern, ya kawo dabarar mayar da sakamakon lamba guda, sa'an nan Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sake fasalin gwajin a 1916 don Amurkawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar sojin Amurka ta gwada mutane kimanin miliyan 1 da dubu 750. Baƙin haure da baƙaƙen fata, waɗanda akasarinsu ba su sami makaranta mai kyau ba, suka sami maki kaɗan, aka kuma yi amfani da wannan a matsayin hujjar cewa wasu jinsuna sun fi wasu ƙwaƙwalwa.

Wannan ba ya nufin gwajin ba shi da amfani. Bincike ya tabbatar da cewa yana hasashen yadda yaro zai yi a makaranta daidai gwargwado. A hannun ƙwararru, a wurare irin su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a kudancin Kaduna, irin wannan gwaji na iya taimakawa wajen gano yaron da ke buƙatar kulawa, wato aikin da Binet ya ƙirƙire shi dominsa. Matsalar tana tasowa ne idan aka ce shi ne zai nuna wanda zai zama gwani.

Inda ma'aunin ya gaza

Terman da kansa ya jarraba hakan. Daga 1921 ya tara yara kimanin 1,500 a jihar Kalifoniya waɗanda suka fi kowa maki, aka ci gaba da bibiyar rayuwarsu har tsufa. Da yawansu sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, amma babu ko ɗaya da ya sami kyautar Nobel. A hannu guda kuma, kamar yadda marubuta tarihinsu suka bayyana, akwai yara biyu da aka gwada aka ce makinsu bai kai ba, wato William Shockley da Luis Alvarez. Na farkon ya sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziya a 1956, na biyun kuma a 1968.

A 1926 wata ɗalibar Terman, Catharine Cox, ta yi ƙoƙarin ƙiyasta makin mashahuran mutane kimanin 300 da suka riga suka mutu, ta hanyar duba abin da aka rubuta game da ƙuruciyarsu. 'Ya'yan masu hali, waɗanda aka adana wasiƙunsu da littattafan makarantarsu, suka sami maki mai yawa. Michael Faraday kuwa, ɗan maƙerin da bincikensa ya buɗe hanyar samar da wutar lantarki, ya tashi da makin da bai wuce na mutum matsakaici da yawa ba. Abin da aka auna shi ne yawan takardu. Da an sa yaron Musawa mai tallar alewa a wannan sikeli, da babu abin da za a ɗora.

Kazalika a shekarun 1980 James Flynn ya nuna cewa makin da jama'a ke samu a ƙasashe masu arzikin masana'antu yana ƙaruwa da kimanin 3 a duk shekaru 10, saurin da gado ba zai iya bayyana shi ba. Wani nazari da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka wallafa a 2018 ya gano cewa kowace ƙarin shekara guda a makaranta tana ɗaga makin mutum da 1 zuwa 5.

A nahiyar Afirka ma, Robert Sternberg da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2001 kan yaran ƙabilar Luo a yammacin Kenya. Sun tarar cewa yaran da suka fi sanin magungunan gargajiya da cututtukan da ake sha dominsu sukan sami maki ƙasa da na sauran a gwaje-gwajen makaranta. Kowane yaro ya zuba ƙwaƙwalwarsa ne a inda gidansu ya nuna masa cewa nan ne amfani yake.

Mece ce hazaƙar Shata?

Kowace tambaya a takardar gwaji tana da amsar da mai tambaya ya riga ya sani, kuma aikin wanda ake gwadawa shi ne ya iske ta cikin lokaci. Aikin gwani kuwa shi ne ya zo da abin da babu wanda ya san da shi kafin ya kawo shi. Babu wanda ya taɓa rubuta amsar yadda za a yi wa kumbo waƙa da kalangu, balle a duba ko Shata ya dace da ita.

Hausawa sun daɗe da sanin cewa abin ba guda ba ne, shi ya sa suke da kalmomi da yawa a kansa. Akwai hankali, akwai wayo, akwai basira da fahimta da azanci da hikima, kuma mutum na iya cika da ɗaya ya rasa ɗaya. A tsangaya ma ba a kiran mutum gwani don ya amsa tambayoyi na sa'a guda. Sai an ga tilawarsa da rubutunsa na Alƙur'ani da ka, shekara da shekaru, a gaban waɗanda suka san fannin.

Inda abin ya fi ƙarfin fahimtar jama'a kuwa, sai su jingina shi ga gaibu. An sha yaɗa cewa Shata yana da aljanu, kuma wannan tunani ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Kalmar abƙari da Larabawa ke kiran haziƙi da ita ta samo asali ne daga wani kwari da suka ɗauka mazaunin aljanu ne, haka ma kalmar da Turawa ke amfani da ita ta fito ne daga sunan wani iska da Rumawa suka yi imanin yana tare da kowane mutum. Shi dai Shata ya sha bayyana cewa bai gada ba, bai kuma koya a wurin kowa ba, baiwa ce daga Allah.

Sai dai tarihinsa ya nuna cewa baiwar ta sami abokan tafiya guda biyu. Na farko shi ne aiki: fiye da shekaru 50 yana waƙa a gaban jama'a, dare da rana, daga dandalin ƙauye har zuwa Amurka. Na biyu shi ne jama'ar da ta ba shi fili: dandalin Musawa da ya fara gwada muryarsa, ubangidan da ya kira shi Bakori, sarakuna da attajiran da suka riƙe shi, da rediyon da ya ɗauki muryarsa. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, da wataƙila sunansa bai wuce gundumarsu ba.

Siyasa da suka

Hazaƙa a fanni guda ba ta nufin cika a kowane fanni. Shata ya shiga siyasa, ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, sa'an nan a jamhuriya ta uku ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma bai daɗe a kan kujerar ba aka sauke shi. Mutumin da ke juya dubban jama'a da baiti guda bai iya zama da 'yan kwamiti ba.

Haka kuma malaman addini da dama sun soki wasu waƙoƙinsa, musamman wadda ya yi wa mashaya, yayin da zambonsa ya ɓata wa mutane da yawa rai. Shi ne kuma dai ya yi waƙoƙin yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma sauke farali. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Bayan ya yi fama da rashin lafiya, Alhaji Mamman Shata ya rasu ranar Juma'a 18 ga watan Yunin 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekaru kimanin 76. An yi jana'izarsa a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

A 2006 Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Har yanzu ana nazarin waƙoƙinsa a sassan koyar da Hausa na jami'o'i, ko da yake da yawa daga cikin waɗanda ya rera a bukukuwa da kasuwanni sun tafi tare da waɗanda suka saurare su, domin babu na'urar da ta ɗauka.

A yau makomar yaro a Najeriya ta rataya ne a kan jarrabawa, daga ta shiga sakandare zuwa ta WAEC da NECO da JAMB. Ko makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja da jarrabawa ake shigarta. Miliyoyin yara a arewacin ƙasar kuwa ba su ma isa ɗakin jarrabawar ba, wasu suna tsangaya, wasu suna talla, wasu suna koyon gyaran mota ko walda a bakin titi. Waɗanda suka isa suka faɗi kuma, sau da yawa a gida da makaranta akan yanke musu hukuncin cewa daƙiƙai ne.

Babu wata al'umma da za ta ci gaba ba tare da makaranta da jarrabawa ba, kuma ba kowane yaron da ya faɗi ne zai zama Shata ba. Amma tarihin mawaƙin na Musawa yana tunatar da iyaye da malamai da hukumomi cewa sakamakon jarrabawa yana faɗin abin da yaro ya iya ne a cikin abin da aka tambaye shi. Sauran abin da Allah Ya ajiye a cikinsa ba ya bayyana sai an ba shi fili, an kuma sami mai saurare.